Aƙilu Tada-Saniya

A Mahuta in ka ce Aƙilu kawai za a tambaye ka wanne. In ka ce Tada-Saniya, kowa zai nuna maka gida mai jan ƙyaure. Ni kam ba na nuna wa kowa, don ba na son alhaki.

Na girme shi nesa ba kusa ba, a gabana ya tashi. Ya koyi ɗinki ya ɓata wa mutane yadi. Ya koma awon tumatir a Danja, abokan sana'a suka gaji da bakinsa. Daga nan ya liƙe wa wani ma'aikacin dabbobi a Funtua yana riƙe masa jaka, har ya ga yadda ake soka allura a wuyan saniya. Iyakar karatunsa ke nan. Ya dawo gari da sirinji da farar riga, wai shi likita.

Sunan kuwa sa'a ce ta ba shi. Saniyar wata tsohuwa, Inna Hajo, ta haihu ta kwanta ta kasa tashi. Aƙilu ya ɗura mata kalsiyam, wani ruwan magani a babbar kwalba, kafin a watse sai ga ta tsaye tana lasar ɗanta. Mata suka yi guɗa. Tun daga ranar duk dabbar da ta kwanta, ko ƙaya ta taka, kalsiyam ne maganinta. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma shi a wuyan wasu yake ɗaura nasa.

Ina da bijimai biyu na huɗa, Gambo da Ja. Da su nake noma masarata, da su nake ciyar da gida. Bara da bazara abinci ya yanke, ƙashin haƙarƙarinsu ya fito, ga damina ta ƙarato. Sai ga Aƙilu a kan babur da buhuna.

"Yaya Sada, kashin kajin gona ne," in ji shi. "Ka gauraya musu da dussa. Masu kiwon zamani duk shi suke ba shanu, za ka ga sun murje."

Suka ci kuwa. Ranar da aka yi ruwan shuka, Gambo ya durƙushe a turke, yawu na dalala. Aƙilu ya zo da kwalbarsa yana taƙama, ya soka, ya naɗe hannu yana jiran guɗa. Gambo bai motsa ba. Aƙilu ya ƙara wata kwalbar, ya ce in cika wa Ja abincin nan sosai don kada shi ma rauni ya kama shi.

Da abin ya ƙi, na aika Funtua aka zo da likitar dabbobi, Dakta Shafa'atu. Ta kama harshen Gambo ta jawo shi waje ta saki. Harshen ya tsaya nan yana reto, bai koma ba. Ta zazzage buhu ɗaya ta tona da sanda, sai ga busasshen mushen kaza, har da fukafukai.

"Baba, ga abin da ya kayar da shi," ta ce. "Akwai ƙwayar cuta da ke hayayyafa a cikin mushe, tana fitar da dafi."

"Ai na ba shi kalsiyam har kwalba biyu," in ji Aƙilu.

Ba ta ko dube shi ba, ni ta yi wa bayani. Ta ce kalsiyam kamar ɗan aike yake. Shi ke shiga bakin jijiya ya ce ta saki saƙo, saƙon ya isa ga tsoka, tsoka ta motsa. Saniyar Inna Hajo ɗan aiken ne ya yi mata ƙaranci, shi ya sa ta tashi da aka ƙara mata. Shi kuwa wannan dafin ƙofar da saƙon ke fita ya lalata. Ko 'yan aike nawa ka tura, sai dai su yi ta ƙwanƙwasawa.

"Ɗayan ma ya ci?" ta tambaya.

Na ce ai ɗazu ma an cika masa. Ta ce a kwashe abincin yanzu, a yi addu'a.

Gambo ya mutu, ko namansa ta hana a ci. Na koma ina gadin Ja kamar jariri. Wata safiya na ja harshensa, shi ma bai koma ba. Ban ji kunyar kowa ba, na zauna a turken na yi kuka.

Da muka binne shi na nufi gida mai jan ƙyaure, zuciyata na tafasa. Na yi sallama na kutsa har garke. Bijiman Aƙilu na tsaye, sun yi ɓul-ɓul, suna cin harawa da angurya. Na duba ko'ina, babu kashin kaji ko ƙwaya.

"Aƙilu, naka ba ka ba su abincin zamanin ba?"

Ya sosa ƙeya. "Haba Yaya, nawa ba su saba da shi ba." Sai ya yi murmushi, wallahi murmushi. "Allah shi mayar da alheri. In ka tashi huɗa ka yi mini magana, zan sa ka a layin masu hayar bijimaina."