Katin Inna Dije da na hana ta ƙonawa

Ban taɓa mantawa da ranar da ƙwaryata ta yi ƙwas a gindin rumbu ba. Ba ƙara ce mai ƙarfi ba, amma duk matar da ta ji ta ta san hatsi ya zo ƙarshe. Da safe ne, cikin bazara, ruwa bai ko sauka ba. Na yi salati, na rufe rumbun, na ɗauki mayafi na tafi aiki.

Lokacin ni ce sakatariyar rumbun hatsi na ƙungiyar mata a Tsamaye, saboda na yi sakandare kuma rubutuna yana karantuwa. Ku da kuka karɓi littafin daga hannuna kun san tsarin, amma bari in maimaita don baƙi. Kowace mamba tana da kati. Da shi take karɓar gero buhu ɗaya in abinci ya yanke, ta mayar da shi tiya da tiya, babu riba. Wadda ta biya kaka uku ba saɓani, ana buga mata hatimi, ta iya ɗaukar buhu biyu ba tare da mai tsaya mata ba. Riƙe kati yana cin tiya ɗaya a shekara, ta mai gadi. Wadda ta rufe nata kuwa, in ta dawo sabuwa ce: mutum biyu su tsaya mata, kuma ta jira kaka ta zagayo.

Matanmu suna da al'ada. Ranar da mace ta gama biya, sai ta jefa katin a murhu, a yi mata guɗa, a ce ta wanke kanta. Ni ma haka na yi da nawa a kakar da ta gabata, har da rangaji. Shi ya sa da safiyar ranar ba ni da ƙofar da za ni buga.

Da hantsi sai ga Inna Dije, Bafulatana ce daga rugar da ke bayan gari, mijinta ya rasu, tana riƙe da jikoki huɗu. Da kuɗin nono ta dinga biya kaɗan-kaɗan, ranar ta kawo tiyar ƙarshe. Na auna, na rubuta, na buga mata hatimin cikar kaka uku.

"Ba ni abina, Malama," in ji ta. "Yau wuta za ta ci shi."

Na riƙe katin. Na ce, "Inna, ki bar shi."

"In bar mi? So kike in mutu da bashi a wuyana?"

"Babu ko ƙwara ɗaya a kanki. Katin da babu komai cikinsa ba bashi ba ne, ƙofa ce. Ba dole ki shiga ba."

Ta yi dariya, ta ce, "Ɗiyata, ƙofa in tana buɗe, ƙafa ba ta jin magana. Sallah za ta zo, biki zai zo, in ce bari in ɗan ɗebo. Na san kaina."

Gaskiya ta faɗa, na ga masu yin haka. Sai na ce ta bar katin a wurina, in kulle a akwatin ofis, ba ya fita sai ta zo da kanta ta ce rumbunta ya ƙare. Tiyar mai gadi kawai za ta dinga bayarwa. Shugabarmu Hajiya Asabe ta ɗaga kai daga tasbaharta ta ce, "Ke Safiya, mu masu awo ne ko masu ajiyar kati?" Na ce, "Hajiya, ni na ƙona nawa, kuma yau ƙwaryata ta taɓa ƙasa." Sai ta miƙo mini mabuɗin akwatin.

Inna Dije ta tafi tana ƙunƙuni, wai na hana ta guɗarta.

Damina ta zo a makare, ta ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Gonaki suka ƙone tun daga nan har Unguwar Lalle, shanun Inna suka daina ba da nono. Mata suka cika ƙofar ofis, da yawansu toka kawai suka bari a madadin kati. Na rubuta sunayensu a layin jira ina hawaye, nawa na cikinsu.

Inna Dije ta zo, ta nuna akwatin da haɓa. Ranar ta koma da buhu biyu a kan jaki. Daga baya ƙungiya ta mayar da ajiyar kati doka ga duk mai so, kuma har yau akwatin nan kuke amfani da shi. Ina alfahari da wannan, Allah Ya yafe mini in ya yi yawa. Aikin nan ya koya mini cewa awo kowa na iya yi. Sanin tsoron da ke zuciyar mai biya shi ne aikin.

Bayan kwana biyu da Inna Dije ta ɗauki buhunanta, jikarta Hassatu, 'yar shekara bakwai, ta shigo gidana da ƙwarya cike da gero a ka. Ta sauke, ta dube ni ta ce, "Malama, Inna ta ce a kawo miki naki. Wai ke ce kika ɓoye mana tuwo cikin akwati."