Kambun Maigidana da Injin Sussuka

Tun ranar da aka sauke injin sussukar shinkafar nan a fadamarmu ta bakin kogi, hankalina bai kwanta da shi ba. Tsoho ne, daga Kamba aka tsallako da shi, an shafe shi da sabon fenti. Bel ɗinsa tsirara yake juyawa, ga ramukan kusoshi inda murfi ya taɓa zama. Na tambayi mai injin ina murfin, ya ce haka aka ƙera shi. Ni dai ban ga dalilin da maƙeri zai huda rami a banza ba.

Maigidana ne aka ɗauka ya riƙa cusa damin shinkafa a bakinsa. Ina kai masa fura, ina kallo. In kara ya toshe, ba a kashe injin, wai tada shi wahala ne kuma man gazuwal na ƙonewa. Sai a zura hannu a jawo.

Na ce, "Malam, don Allah ka riƙa kashe shi. Ko ka sa sanda, ka naɗe hannun rigar nan."

Ya yi dariya, ya nuna mini kambun da ke damtsensa. "Ke, mi kike tsoro? Ƙarhe ba ya cina."

Wani baƙo ne ya sayar masa a kasuwar Malanbil. Wuƙa baƙon ya goga a wuyan kansa ba ta yanke shi ba, mutane na tafi. Ni wuƙar nake kallo, don bai yarda kowa ya taɓa bakinta ba.

Ana dab da gama girbi injin ya kama hannun rigar, ya ja damtsen. Kafin a gano inda ake kashe shi, aikin gama ya gama. A likita, wato asibiti, suka yanke hannun daga gwiwa.

Na ɗauka yanzu za a tsare mai injin a kan murfin. Ina! Masu zuwa dubiya kambun suke tambaya. Wa ya karya shi? Sai ƙanwar maigidana ta tuna ta taɓa ganina na ɗauke shi daga kan tabarma zan yi shara, mace kuwa ba ta taɓa irinsa.

Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Injin yana can yana aiki yadda yake, wani yana zura hannu. Maigidana bai taɓa cewa ni ce ba, bai kuma taɓa cewa ba ni ba ce. Kullum ni nake zuba masa ruwan alwala, in wanke masa hannun da ya rage, shi kuwa ƙasa yake kallo.