Ni ce na wanke tsingaron Rahila

A wannan watan 'yata Rahila ta cika shekara shida da rasuwa. Akwai maganar da ban faɗa mata ba, shi ya sa na riƙe biro.

A shekararta ta ƙarshe a makaranta ta jera akwatunan gilashi uku na kifi a barandarmu a Kafanchan. Kowanne da matacin ruwansa: ɗaya ta cika da tsakuwar rafi, ɗaya da soso, na ukun da tsingaron tsohuwar tukunyar kakarta da ta ɗauko daga Gwantu. Ta ce akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, suna zama jikin waɗannan abubuwa suna cinye gubar kashin kifi. Tana so ta san wanne ya fi ba su masauki. Zuciyarta na kan tsingaron, domin ƙasa gasasshiya cike take da ƙananan ramuka.

"Mama, in ya yi, ba mai sake watsar da fasasshiyar tukunya a garin nan," in ji ta.

Wata Asabar matan zumuntar cocinmu za su zo mini addu'a, ita kuma ta tafi Kagarko biki. Na duba na ga tsingaron ya yi yauƙi, ya fi sauran muni. Na ji kunyar baƙi. Na kwashe shi, na dirje da sabulu da ruwan zafi, na mayar tsaf. Akwai 'yar takarda manne a jikin gilashin, amma a lokacin ban iya karatu ba.

Cikin mako guda kifayen akwatin suka fara hamma a saman ruwa, suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Rahila ta tsuguna tana kallonsu.

"Mama, wani ya taɓa wannan?"

Na ce, "Ban ga kowa ba."

Ba ta sake tambaya ba. Bayan wata huɗu zazzaɓi ya ɗauke ta.

Da na shiga ajin yaƙi da jahilci, abin da na fara karantawa da kaina shi ne takardar nan. Ta rubuta: "Kada a wanke." Daga baya na bi kwafin littafin aikinta da ta miƙa wa makaranta, layi layi, da yatsa. A shafin ƙarshe ta ce soso ya zo na ɗaya, tsakuwa na biye, tsingaro kuwa bai dace ba, ta yi kuskure. Wankin zan iya cewa rashin sani ne. Amsar da na ba ta, da sanina na ba ta.

Yanzu matasa da yawa suna kiwon kifi a bayan gida, suna aikawa Abuja a kawo musu ƙwallayen roba na tace ruwa. Da tana nan, na san za ta bi su gida gida tana tambaya me suka gwada kafin su aika.

Ban iya awon ruwa irin nata ba. Amma shekara biyu ke nan ina da akwati ɗaya da tsingaro a ciki, in ya toshe ina ɗauraye shi da ruwan akwatin kawai, kuma kifayen suna nan lafiya.

Idan akwai ɗalibin da littafin Rahila ya shiga hannunsa, ɗana, kada ka yarda da shafin ƙarshe. Ka sake gwadawa. Ba ta yi kuskure ba.