Ranar da Yaya Rabi ta Gyaɗa Mini Kai

Wata Alhamis ce cikin kakar shekarar 2001, saura kwana biyu bikin 'yar Gwaggo Hure, yayar Babanmu. Tsakar gidanmu na Daura ya cika da mata ana haɗa gara, nan ana tsoma alkaki a ruwan sukari, can ana kirɓa nakiya, hayaƙi kuwa har hawaye yake sa mutum. Shekarar ba a kira makaɗa ba, shari'a ta zo an ce walima kawai za a yi, sai duk ƙarfin mata ya koma madafa. Shekarata tara. Na ɗauki kek mai zafi daga faranti na miƙa wa yayata Rabi, ta gutsura, ta tauna, ta gyaɗa mini kai. Na cinye shi tas har da lasar yatsu.

Gyaɗa kan nan yana da tarihi. Tun ina ƙarama jikina ba ya shiri da ƙwai, ba ya shiri da madara. Ka ji fa, 'yar Daura guda ba ta shan fura da nono! Ko ɗanɗanawa na yi, sai leɓe ya kumbura, jiki ya yi rudu-rudu, numfashi ya riƙa fita da ƙyar. Inna ta yanke hukunci cewa abin da ba zan ci ba, ba za a toya shi a gidanta ba. Sai ta ƙirƙiro nata kek ɗin: fulawa, man gyaɗar da ake kawo mana daga Zango, jiƙaƙƙen dabino da aka daka ya yi laushi, ruwan aya a madadin madara, wani lokaci da ayabar da ta nuna har ɓawonta ya yi baƙi. Ba mu da tanda. Rairayi take zubawa a gindin babbar tukunya, ta jera gwangwanayen tumatir da ta shafe da mai, ta rufe, ta ɗora garwashi a kan murfin. Ni ce mai fifita, Yaya Rabi mai bugun ƙulli. Kafin ya gasu muna zaune kan tabarma, ita tana saƙar faifai da rinanniyar kaba, ni ina lanƙwasa bakin gwangwani in fitar da siffar tauraro ta yanka cincin. Rabin taurarin nawa kamar ƙafar kaza suke fitowa, ta yi ta mini dariya, amma ita ke fara cinye su.

A gida ba ni da fargaba. A waje kuwa, gidan suna ko gidan biki ko tallar bakin makaranta, ba na kai komai bakina sai Yaya Rabi ta ɗanɗana. Harshenta ba ya kuskure. In ta girgiza kai in ajiye, ko da yawuna na tsinkewa. In ta gyaɗa, in ci hankali kwance. Inna kan ce, "Rabi ce bakin Safiya."

Ranar nan ko minti goma ba a yi ba maƙogwarona ya fara ƙaiƙayi. Kafin la'asar idona ya rufe don kumburi, ina jan numfashi yana ƙara kamar usur. Baba ya ɗora ni a babur, Inna ta riƙe ni ta baya, mayafinta ma a hannu ta fita da shi. Allura biyu aka yi mini a asibiti kafin na san inda nake. Gwaggo Hure ba ta ɓoye ba, ita ta sa a zuba ƙwai a ƙullin lokacin da Inna ta shiga salla. Dama ta daɗe tana cewa sangarta ce kawai, wai abin da ido bai gani ba ciki ba ya ƙinsa. Ban yi mamakinta ba, halinta ne.

Washegari ina kwance Yaya Rabi ta kawo mini kunu. Na ce, "Yaya, jiya ba ki ji ƙwan ba ne?" Wallahi so nake ta ce ba ta ji ba, da na yarda nan take. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni na fasa su. Gwaggo ta ce ƙarya kike, ni ma so nake in gani." Ashe duk shekarun nan da take ɗanɗana mini, ba ta taɓa gaskata ni ba. Kumburin bai yi mini zafin maganar nan ba. Na juya fuskata bango, kunun ya huce a inda ta ajiye shi.

Yau ina da tandar gas, komai na kanti kuma an rubuta abin da ke cikinsa, sai in karanta da kaina. Amma ina kewar lokacin da kallon mutum ɗaya ya ishe ni. Ba mu taɓa yin gaba da Yaya Rabi ba, 'ya'yanta a ɗakina suke hutu. Duk salla sai ta aiko mini da cincin, ta bugo waya tana rantsuwa ba ƙwai a ciki, in yi godiya, in raba wa yara. Na yafe mata tuntuni, amma har yau na kasa kai nata bakina.