Rigar da Ake Sallah da Ita

Malam Hamani maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu tun maigidana yana da rai, Allah ya ji ƙansa. Sana'arsa zane da rubutu a jikin kamiyo, manyan motocin kaya. Shekara talatin da wani abu, in ka bi layin motocin da ke jiran ƙetare gada zuwa Malanbil ta ƙasar Benin, da wuya ka rasa hannunsa a bayan wata: dawisu, ko dabino biyu, ko addu'ar tafiya da ja da kore. Bai yi lakwal ba, wato boko, allo ya yi. Haruffan Faransanci kwaikwayonsu yake kamar yadda yake kwaikwayon ganye, amma direbobi sun ce ba ya kuskure.

Shekarun nan abu biyu suka haɗu masa. Gwiwa ta ƙi hawa tsani, masu motoci kuma suka koma manna takardun da na'ura ke bugawa. Sai ya yi sati bai buɗe gwangwanin fenti ba. Matarsa Yalwa ta faɗa mini ɗansu da ke Dosso yana matsa masa ya rufe rumfa ya koma can ya huta. Shi kuwa hutun ne ba ya so. Ya ce bai san abin da mutum ke yi da hannu daga asuba zuwa la'asar ba in babu aiki.

Ana nan sai ga Lawali mai kabu-kabu da Sumana mai gyaran taya. Su biyun suna wata hirar ban dariya, su ɗauka a waya, duk Laraba su tura, direbobi da 'yan kasuwa su yi ta saurare. Murya ce kawai, babu hoto. Masu saurarensu sun dame su da neman riga mai alamar hirar, shi ne suka kawo masa fararen riguna talatin. Suka ce in aikin ya karɓu, nasa ne har gaba.

Malam Hamani ya zaunar da su, ya zana fuskokinsu, ya yanke zanen a kwali, ya buga a ƙirjin kowace riga. Har wushiryar Lawali ta fito. Kwana biyu rigunan suka ƙare.

Ni ina sayar da fura kusa da masallacin tasha. Da azahar ta farko na ga wani direba ya tsaya bakin famfo, ya tuɓe rigar, ya juya ta ciki waje don kada ya yi sallah da hoton mutum, sannan ya yi alwala. Na bayansa ma haka. Da aka tayar da sallah, na ƙirga mutum shida a sahu da ɗinki a waje. Ba wanda ya yi ƙorafi, amma wa zai jure tuɓe riga sau biyar a yini? Kafin sati ya zagayo, an daina sa ta.

Na gaya wa Yalwa, ta gaya masa. Ta ce sai ya ce, "Mota ba ta shiga sahu. Na manta mai riga yana shiga."

Lawali ya zo da fuska a ɗaure. Ya ce za su kai aikin wani shago a Malanbil, a buga musu suna kawai da na'ura. Malam Hamani bai musa ba, ya dai roƙi su bar shi zuwa Laraba.

Ashe bai taɓa sauraren hirar ba. Ya ari wayar Yalwa, ya zauna gindin dogon yaro da hantsi, yana ji ɗaya bayan ɗaya. Ta kan katanga nake jin muryoyin, ban ji dariyarsa ko sau ɗaya ba. A kowace hira akwai wani ƙara kamar ƙofa tana kuka, daga nan sai su biyun su hau gardamar wanda ya motsa. Ya ɗauki sanda ya tafi wurin mai shayin da suke zama. Ashe mai kukan benci ne mai ƙafa uku, an tokare ta huɗun da tsohon ƙarfen taya. Ya zauna a kai, ya ji yadda yake karkata, ya sha shayi, ya dawo.

Ranar Laraba ya shimfiɗa musu riga ɗaya a tabarma. Benci a karkace, kofin shayi biyu a kai, ɗaya yana shirin zubewa, sunan hirar a ƙasa.

"Baba, ni ina nake a nan?" in ji Lawali.

"Kana gefen da ya karkata."

"A'a, fuskata nake nufi."

"Bar shi, Baba," in ji Sumana. "Fuskar nan ko ba a riga ba tana karya alwala."

Lawali ya ce ba wanda zai sayi hoton katako. Sumana ya zura rigar ya nufi tasha. A gabana wani direba ɗan garin Tanda ya hango shi, ya fashe da dariya tun bai kai ga karanta rubutun ba, ya kama kwaikwayon kukan bencin da bakinsa. Da aka kira la'asar, Sumana ya shiga sahu da rigarsa yadda take.

Ba su je Malanbil ba. Mai shayi ya so ya kira kafinta ya gyara bencin, masu shan shayinsa suka hana shi. Malam Hamani yanzu a zaune yake aiki, kwali a cinya, reza a hannu, ya ce yankan ƙafafun nan uku ya fi gashin dawisu wuya. Yalwa kuwa kullum tana mita riguna sun cinye mata igiya, wankinta sai ta miƙo mini ta katanga in shanya a tawa.