Sirajo Kashe-Inji

Har ya koma ga Mahaliccinsa, mutanen Kaura Namoda ba su daina kiran Sirajo mai wanki da Kashe-Inji ba, kuma sunan nan ƙarya ce tsagwaronta. Mutumin da bai taɓa riƙe sukundireba ba, shi ne wai ya kashe inji! Amma haka garin yake. In suka liƙa wa mutum suna, ko da sabulun salo ba ya fita.

Sirajo ɗan Gurbin Bore ne, can ƙasar Zurmi. Ya zo Kaura cin rani yana saurayi, ba da daɗewa da samun mulkin kai ba, lokacin da gyaɗa take da daraja, jirgin ƙasa yana zuwa ya kwashe ta ya yi kudu. Dako ya fara a tasha. Buhu ya zame ya faɗo masa a ƙugu, ya bar shi da ɗingishin da ya raba shi da dako, ya raba shi da gona. Yana zaune a gindin bango bai san inda zai nufa ba, wata mai sayar da koko a bakin tasha, Inna Kulsumu, ta miƙo masa ƙwarya ba tare da ta tambaye shi daga ina yake ba. Ta ba shi zaurenta ya riƙa kwana. Da ya ɗan ji sauƙi ta jibgo masa kayan ɗanta Shu'aibu ta ce ya wanke, tun da dai hannuwansa lafiya lau suke.

Hannuwan kuwa suka karɓi sana'ar. Ya iya sa shuni daidai, ya iya sitaci, ya iya bugu har shadda ta riƙa ɗaukar ido. In ya murɗe babbar riga ya matse, ko ɗigo ba ya saura. Ma'aikatan reluwe suna kawo masa kaya, malaman makaranta suna kawowa, har daga Shinkafi ana aiko masa da rigunan salla. Ya yi aure, ya yi 'ya'ya, duk albarkacin ruwan sabulu.

Shi ma Shu'aibu ya yi gaba. Daga awon gyaɗa ya koma kwangila, ya je Makka, ya gina gidan siminti, ya sayi janareto, wankin kayansa kuwa yana hannun Sirajo. Ya hana mahaifiyarsa tallan koko, amma bai iya hana ta damawa ba. Inna Kulsumu ba ta yarda da kokon hannun kowa. Ita take jiƙa geronta, a kai markaɗe, ta tace, ta zuba gasarar a ƙyalle ta matse. Kuma kowace safiya ta Allah akwai kwanon Sirajo a rufe a ƙofar sashenta.

Zamanin farar hula na biyu ne Alhaji Shu'aibu ya dawo daga wata tafiya da injin wanki mai baho biyu, ɗaya ya wanke, ɗaya ya juya da ƙarfi ya matse ruwan. Aka ajiye shi a ɗakin da yake maƙwabtaka da sashen Inna, saboda nan magudanar ruwa take. Da a ce Alhaji ya sayi abinsa ya yi shiru, da ba a yi labari ba. Amma ina! Sai da ya tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar, Sirajo yana tsaye a wurin, ya ce, “Wanga inji ba shi gajiya, ba shi roƙon goro, kuma ba shi ɗingishi.”

Aka yi dariya. Sirajo ya ji abin har cikin ƙashinsa, ga shi dama mutum ne mai saurin hawa. Ya ce, “Mu gani in ya kai baɗi.”

Bai kai baɗin ba kuwa. Wata safiya matan gidan suka loda jiƙaƙƙun kaya a bahon matsa, suka murɗa, sai inji ya yi ta gurnani, baho ya ƙi motsi. Da suka duba ƙarƙashinsa suka ga wani farin gari ya bushe a kan siminti. Shi ke nan, magana ta ƙare. Babu wanda ya tsaya ya shinshina garin nan. Alhaji ya koma ƙofar masallacin da ya yi alfahari, ya ce, “Jama'a, kun ji shi da kunnenku ran da yac ce ba shi kai baɗi. To ga garin magani mun iske an barbaɗa.”

Aka ɗauko mai tofi ya tofe inji ciki da waje. Aka yi masa hayaƙi har roba ta fara wari. Inji dai sai gurnani. Su kuwa masu kawo wa Sirajo wanki suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya, domin wa zai miƙa rigar da ta sha zufarsa ga mutumin da aka ce yana asiri? Igiyoyin shanyarsa suka zama wayam. Matarsa ta je gidan suna, mata suka matsa suka bar mata tabarma ita kaɗai. Wannan ne ya fi ƙona masa rai. Mutanen da ya shekara da shekaru yana wanke musu dauɗa, bai taɓa faɗin abin da ya gani a aljihun kowa ba, su ne yau suke kauce masa a hanya.

Shi da kansa ya ɗingisa zuwa Sabon Gari ya ɗauko Raphael, wani mai gyaran kayan lantarki mutumin wajen Kafanchan, wanda aikin reluwe ya kawo Kaura ya zauna. Alhaji ya tare su a zaure yana cewa wannan ba aikin sifana ba ne. Sirajo ya ce, “A bari shi duba. In asirina na, a kai ni gaban alƙali.”

Aka ce matan gida su shiga ɗaki, aka tada janareto. Raphael ba mai yawan magana ba ne. Ya fara duba soket, wuta tana zuwa. Ya ɗaga murfin bahon matsa ya rufe, ya kasa kunne, ya ce makunnin murfi lafiya yake. Ya murɗa, inji ya yi gurnaninsa. Ya ce, “Motar da ke juya bahon tana da rai, Alhaji. Wani abu ne ya riƙe ta.” Ya zare waya daga bango, ya sa hannu ya gwada juya bahon, ya ƙi ko gezau. Ya kwance bayan injin, ya leƙa, ya ja tiyon da ruwa yake fita ta ciki ya lanƙwasa shi, sai ga farin abu yana farfashewa yana zubowa. Ƙarƙashin bahon kuwa ya cika da shi, ya daskare kamar an yi yaɓe.

Alhaji ya ja da baya yana salati. “Kun gani ko? Har ciki yas sa shi!”

Raphael ya ɓantari kaɗan ya shinshina, ya ɗora a harshe. Ya dubi Alhaji, ya dubi Sirajo. Ya ce, “Wannan gasara ce. Ta koko.”

Kafin wani ya yi magana sai ga Inna Kulsumu ta fito tana dafa bango, da kwano a hannu. Ta tsufa, kunnenta ya yi nauyi, kuma babu wanda ya gaya mata abin da ake ciki a gari. Ta ce, “Sirajo, ina kash shiga haka? Kullum kokonka sai shi huce a ba awaki.” Da ta ga injin a buɗe sai fuskarta ta washe. “Yawwa, ɗan nan, gyara mani shi. Hannuwan nan sun daina matsa gasara. In nis sa ƙullin ciki nim murɗa, kahin in yi alwala ya matse mani tas.”

Sirajo ya dubi hannuwan. Yatsun sun kumbura sun karkace, da ƙyar suke riƙe da kwanon. Ashe da sanyin safiya, in an tada janareto don tura ruwa tanki, take lallaɓowa ta sa ƙullin gasararta a bahon, ruwan yana kwanciya a ƙasa yana bushewa. Kokon da ya yi ta sha duk watannin nan, injin ne yake matse shi.

Ya karɓi kwanon da hannu biyu ya ce, “Na gode, Inna.”

A zaure ne ya fashe. Ya ce, “Alhaji, inda kab ɓata ni, nan za ka wanke ni. Yau bayan la'asar.”

Alhaji ya gyara hula ya ce, “Haba Sirajo. So kake in tsaya gaban jama'a in ce uwata ta dama koko cikin inji? Ka san garin ga. Suna za su sa mata, har kabari.”

Gaskiya ne, za su sa mata. Amma wa ya ce sai an ambaci Inna? Abin da ake nema a bakin Alhaji bai wuce ya ce, na yi kuskure, ba Sirajo ba ne. Sirajo ya faɗa masa haka, ya maimaita. Alhaji ya ce in ya ce ba shi ba ne, za a tambaya to wane ne. Ya ce a bar maganar ta mutu da kanta, ya ce Sirajo ya dawo ya ci gaba da guga, har ya aika a ɗauko masa sabuwar shadda. Ƙaton mutum da gemunsa ya ɓuya a bayan tsohuwa don kada ya lashe amansa a gaban mutane. Sirajo ya bar shaddar a inda aka ajiye ta.

Bayan la'asar ya miƙe a ƙofar masallaci. Mutane suka tsaya suna jira. Maganar tana bakinsa, ga Raphael a Sabon Gari zai ba da shaida. Sai ya hango yadda za a kwashe da dariya, yadda labarin zai bi motocin kasuwa har Zurmi da Shinkafi, yadda za a riƙa nuna gidan ana kwaikwayon tafiyarta. Ya sa takalmansa ya tafi. Aka ce, kun gani, ya rasa abin cewa.

Sirajo ya roƙi Raphael ya yi shiru. Duk wanda ya tambaya, Raphael yakan ce datti ne ya toshe, su kuma su ce me mai sifana ya sani a kan asiri. Wasu masu wanki sun dawo daga baya, da yawa ba su dawo ba. Sirajo bai ƙara taɓa rigar Alhaji ba, ko a hanya ba ya ce masa ci kanka. Amma kowace safiya yakan bi ta ƙofar baya, ya durƙusa a gaban Inna Kulsumu, ya murɗe mata ƙullin gasara da hannuwan nan nasa har sai ɗigo ya ɗauke. Ya ce mata mai gyara ya hana sa gasara a inji. Ba ta taɓa sanin sauran ba.

Ran da ta rasu ya je zaman makoki. Ƙofar gidan ta cika, babu wurin zama. Alhaji Shu'aibu ya ɗago kai daga cikin manyan baƙi, ya gan shi tsaye a rana, ya ɗaga murya ya ce, “Ku matsa ku ba Kashe-Inji wuri shi zauna.”

Yanzu babu tsohuwar da za a yi wa dariya ta ji. Sirajo ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, har Alhaji ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, “Allah shi jiƙan Inna.” Ya juya ya ɗingisa gida, bai zauna ba.