Ɗan Jirgin Ƙasan Yayana

Yayana ya daɗe yana yi wa wani Bature tuƙi a Abuja. Da Baturen zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa wani ɗan jirgin ƙasa na wasa, mai aiki da lantarki, da layin dogonsa a kafe a kan katako. Duk Juma'a idan Yaya ya dawo daga masallaci, yakan ajiye katakon a falo, ya kunna, ya zauna yana kallo. Mun sha yi masa dariya.

Bayan rasuwarsa jirgin ya ƙi tashi. Gidan na haya ne, matarsa kuma za ta koma wurin iyayenta a Gawu da zarar ta fita takaba. Kawunmu, wanda ke kula da rabon kaya, ya ce duk abin da ba ya aiki a ba 'yan gwangwan. Sai matar Yaya ta aika a kira ni, tunda sana'ata ke nan, ja wa sababbin gidajen Maje wayar wuta.

Na zo da la'asar a gajiye, jikina duk siminti. Ba na son shiga falon nan.

"Sannu, injiniya marar takarda," in ji ta. "Ka ci abinci?"

"Anti, bari in duba marar lafiyan tukuna."

Da na faɗa sai na ji da ban faɗa ba. Ita dai ta janyo katakon.

An yi sa'a akwai wuta. Na ɗora mita a kan ƙaramin taransifoman, lafiyarsa lau. Na kwance kan jirgin, na bi wayoyin nan sirara kamar zare, ko ɗaya bai tsinke ba. Na hura, na goge, na mayar. Shiru. Gwiwoyina suka yi tsami a kan siminti. Can na ɗaga jirgin, na taɓa wayoyi biyu kai tsaye a ƙafafunsa, sai ga su suna juyawa. Ashe tsakanin dogo da ƙafa wutar ke ɓacewa. Na shafa dogon, yatsana ya fito da baƙin maiƙo.

"Wa ya sa wa dogon mai?"

"Ni ce. Man keken ɗinkina. Damina ce, na ji tsoron tsatsa. Da ya ƙi tashi sai na ƙara."

Na ce mata keke yana son mai, amma wannan ta dogon yake shan wuta, mai da ƙura sun shiga tsakani.

"Ina zan sani? Yayanka ko tsintsiya ba ya bari ta matso kusa."

Ta yago tsumma, na sayo sifirit a kemis, muka yi ta goga, ita daga can, ni daga nan.

Da na murɗa makunnin, jirgin ya ɗan yi gardama, sannan ya kama hanya. Ƙarar ce ban shirya mata ba. Na sunkuya ina tattara sukurdirebobina.

"Ya isa," in ji ta. "Kashe. Ka gaya wa Kawu yana aiki."

Ina naɗe wayar na tambaye ta ko gidan nasu na Gawu akwai wuta.

"Ba a ja musu ba tukuna," ta ce. "Kai dai ɗaure mini shi da kyau."